Aikin bahisa da binciken rayuwar yara a Sudan, fashin baƙi saboda ɗiyar yayana

Ɗiyar yayana ce ta jawo wannan rubutun. Tana cikin yaran da yaƙi ya riƙe wa jarrabawar shahada Sudaniyya, wato ta gama sakandare, har sai Disamba 2024 suka samu suka zauna, to da sakamako ya fito aka zo maganar zaɓen abin da za ta karanta a jami'a sai ta same ni a tsakar gida ina tsince riɗi tace Goggo ni fa irin aikinki nake so, amma wai menene ainihinsa? Babanta yana kishingiɗe kan angarib ya riga ni amsawa, yace rabon bargo ne da shiga gidajen mutane ba gayyata. Wallahi ban ji haushinsa ba, dan haka yawancin mutanenmu Hausawa a nan Gadarif ta gabashin Sudan suka ɗauki abin, kuma ni ma ban taɓa zama na warware musu ba. Shekara goma sha ɗaya kenan ina ciki, na yi a gwamnati na yi a munazzama, wato ƙungiyar agaji, toh bari in warware shi yadda na san shi, dan na tabbata ba ita kaɗai ke da tambayar ba.

Da Larabci karatun sunansa khidma ijtima'iyya, mai yinsa kuma a ofis ana ce masa bahis ijtima'i, mace bahisa. Ku duba kalmar da kyau, bahis ai mai bincike kenan, ashe tun daga sunan an riga an haɗa abu biyun da mutane ke rabawa, wato wanda ke zama kan tabarma da iyali da wanda ke ƙirga da rubutu. Ni a wajena aiki ɗaya ne mai hannu biyu, kuma duk wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗayan zai cutar da yara ko da niyyarsa fara ce tas.

Hannun farko shi ne bin lamarin yaro guda ɗaya daga farko har ƙarshe. An kawo miki labari, ko daga asibiti ko daga 'yan sandan kare iyali da yara, waɗanda aka fara buɗe sashensu a Khartum a 2007, ko wata maƙwabciya ce ta zo ta raɗa miki. Sai ki buɗe fayil, ki yi abin da muke kira dirasat hala, wato ki san waye yaron, wa ke riƙe da shi, ina yake kwana, me ya ci jiya, wa yake tsoro, wa yake gudu wajensa in ya faɗi. Daga nan ku tsara abin yi ke da iyalin, dan ba ke za ki tsara musu rayuwa ba, sai ki haɗa su da inda taimako yake, asibiti ne ko makaranta ko Diwanin Zakka ko kotun yara, sannan ki riƙa komawa kina dubawa, ba ki rufe fayil sai kin ga yaron ya tsaya da ƙafarsa ko kin miƙa shi hannun da ya fi naki. Komawar nan ita ce aikin. Zuwan farko kowa zai iya, zuwa na shida bayan damina ta lalata hanya raksha ta ƙi shiga kin cire takalmi kin taka caɓi, shi ne ba kowa ba. A ƙa'idar ƙungiyoyin agaji mutum ɗaya bai kamata ya riƙe fiye da yara 25 a lokaci guda ba, amma bayan garin Madani ya faɗi a yaƙin nan a Disamba 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, makarantun Gadarif suka koma matsugunan 'yan gudun hijira, a lokacin ni dai na daina ƙirga fayil ɗin da ke hannuna.

A ɗaya daga cikin makarantun nan ne abin da nake so ɗiyar yayana ta fahimta ya faru a gabana. Wata abokiyar aikina, yarinya mai ƙoƙari da tsoron Allah amma ba Bahausa ba, ta zo ta ja ni gefe tace akwai matar da take zargi yaron da ke hannunta ba nata ba ne. A irin wannan gudun dole mu sa ido, dan muna bambanta yaron da ya rabu da iyayensa amma yana tare da dangi da wanda yake shi kaɗai ba babba ko ɗaya, kuma ana samun masu ɗauke yaran mutane a ruɗani. Nace me kika gani? Tace sau uku tana tambayarta sunan yaron tana kau da kai, sai ƙaramar 'yarta ce ta faɗi sunan, kuma ko kallonsa ba ta yi, alhali sauran ukun tana ta jan su jikinta. Har ta rubuta a takarda cewa uwa ba ta san sunan yaro ba kuma babu shaƙuwa tsakaninsu. Na je ajin, an raba shi da zannuwa gida huɗu, allo yana nan da lissafin da aka bari tun kafin yaƙi ba a goge ba. Na yi sallama da Hausa, matar ta ɗago da sauri kaman an tashe ta daga barci. Na zauna muka gaisa har da tambayar mutanen Mai Wurno dan can ne asalinta, sai nace Yaya wannan shi ne na fari ko? Ta rufe baki da gefen mayafi ta sunkuyar da kai tana murmushi. Shikenan magana ta ƙare. Ɗan fari ne, kunya take yi, a gidan da ta tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari balle ta rungume shi gaban baƙi. Da na leƙa bayan zanen sai ga kwanon yaron a rufe da faifai an ajiye masa mafi yawan abincin.

Ku yi tunani da takardar nan ta wuce a haka. Za a iya raba uwa da ɗanta dan a kare shi, a lokacin da ba abin da ya rage musu a duniya sai junansu. Kuma ko ba a raba su ba, layin nan zai shiga kwamfuta ya zama lamba, lambar ta shiga rahoto, rahoton ya je Port Sudan ko Janeba wani ya karanta yace ga adadin yaran da ba su tare da iyayensu. Akasin haka ma yana faruwa kullum, ki tambayi tsohuwa wannan ɗanki ne tace ɗana ne mana, kuma gaskiyarta, amma ɗan riƙo ne, ɗan ƙanwarta ko jikan kishiyarta, uwarsa tana can Damazin tana kuka tana nemansa. Fom ɗin yana da gida biyu kawai, eh ko a'a, riƙo irin namu kuma ba ya shiga ko ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake son 'ya'yan Hausawa su shiga aikin nan, har su kai inda ake rubuta tambayoyin, kar su tsaya a tafinta kawai.

Yanzu hannu na biyu, bincike. Mutane suna jin kalmar sai su hango farfesa da tabarau, toh bari in ba da misalin da duk ɗan Sudan ya sani, gidan Maigoma na Khartum da aka buɗe a 1961 dan jariran da aka tsinta. Shekaru ana kai jarirai can, kowa ya san ana mutuwa amma ba wanda ke son magana saboda abin ya haɗa da cikin shege da kunya da tsoron haddi. A 2003 aka yi bincike aka gano cewa kusan jarirai 110 ake yarwa duk wata a Khartum, kusan rabinsu suna mutuwa kafin ma a kai gare su, waɗanda suka isa gidan kuma mafi yawansu ba sa fita da rai. Da lambar ta fito sai ta zama abin da za a iya ajiyewa gaban minista da alƙali da malamai, har a 2006 majalisar fatawa ta fitar da fatawar cewa irin waɗannan jariran ba su da laifin komai kuma a riƙe su da kafala, wato riƙo irin na shari'a, kaman yadda ake riƙe maraya. Daga nan tsarin usra badila ya samu gindin zama, wato a ba jariri iyali maimakon gado mai lamba, har sunan da ake kiransu da shi aka gyara ana cewa fakidis sanad, waɗanda suka rasa madogara. Masu reno a Maigoma sun daɗe da sanin gaskiyar a ransu, amma sai da aka ƙirga aka rubuta sannan ƙofa ta buɗe.

Dalilin da ya sa muke nacewa kan iyali kuwa, akwai binciken da duk ɗalibin wannan fannin zai haɗu da shi, wanda aka fara a Bukarest ta Romaniya wajen shekarar 2000. Yara 136 ne a gidajen marayu, aka ba rabinsu iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama a gidan, aka yi ta binsu shekaru. Waɗanda suka samu iyali sun fi a basira da magana da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2. Abin da ya nuna shi ne jariri ba madara kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar fuska ɗaya da zai riƙa gani in ya yi kuka, a gidan marayu kuwa ma'aikaciya ɗaya ce da jarirai rututu kuma da yamma ta tashi wata ta karɓa. Kakanninmu da suke ɗaukan maraya su goya shi a baya ba su karanta wannan ba amma abin da suke yi kenan. Yaƙin nan ya ƙara mana darasi mai ɗaci, daga Afrilu zuwa Yuni 2023 yara fiye da 70 suka rasu a Maigoma saboda masu reno sun kasa isowa, wuta ta ɗauke, madara ta ƙare, sai a Yuni ƙungiyar Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Madani, da Madani ta faɗi aka sake kwashe su zuwa Kassala. Jaririn da ke hannun iyali, in an tashi gudu goya shi ake yi a gudu da shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi.

Kafala kuma ba tabanni ba ce, wato mayar da ɗan wani naka har da suna da gado, wannan kullum sai na yi bayaninsa. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, saboda haka ba za ka laƙa masa sunanka a matsayin uba ba kuma ba ya gado, amma za ka iya masa kyauta da ranka ko wasiyya cikin sulusi. Matsalar muharramaka kuma shayarwa ke warware ta in yana ƙasa da shekara biyu, shi ya sa za ki ga mun tambayi mace ko tana shayarwa ko tana da 'yar'uwa mai goyo. In na je duba gidan da aka ba yaro ba na fara tambaya, zama nake a kawo jabana, wato gahawa, mu sha, ina kallon inda yaron yake in an zuba abinci, kwano ɗaya da 'ya'yan gida ko nasa daban a bakin ƙofa, ina kallon takalminsa da nasu, in ya yi ɓarna da wane suna ake kiransa. Akwai gidan da komai tsaf, ɗaki da fanka da katifa sabuwa, amma yarinya 'yar shekara shida ce ta kawo min ruwa ta share wajen ta ɗauke kofuna, 'ya'yan gida suna kallon talabijin. Akwai gidan kara da ba komai a ciki sai tukunya biyu, na tambayi mai gidan ina yaron da aka ba ku, yace wanne a ciki? Ya manta wallahi, sai da matarsa ta tuna masa. Ba fom ɗin da ke da gidan rubuta wannan, amma shi ne ainihin dirasar.

Sai dai bincike ma yana da makanta irin tasa, kuma a nan ne nake so masu shiga su buɗe ido. Yawancin alƙaluman da ake faɗa kan yaran Sudan daga babban binciken gida gida na 2014 suke, wanda hukumar ƙididdiga ta yi da UNICEF. Shi ne yace kashi 67 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne aka yi wa rajistar haihuwa, kusan kashi 87 na mata an yi musu kaciya, kuma kusan kashi 34 na mata 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18. Aiki ne mai kyau, amma sunansa gida gida. Yaron da ke kwana a bakin kasuwa ba shi da gida, almajirin da ke khalwa, wato tsangaya, ba ya gidan ubansa ranar da aka zo, yaron da ya bi masu yankan riɗi da dawa zuwa mashru'i, wato manyan gonaki, wata uku ba ya nan. Kenan waɗanda suka fi shiga haɗari su ne suka fi saurin faɗuwa daga lissafi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma tun 2008, kafin ma Kudu ta ɓalle a 2011. Sannan lambar ƙasa baki ɗaya tana ɓoye bambanci, kakata tana cewa su a gidansu ba su san kaciyar fir'auna ba, a nan suka tarar da ita, wasu suka ɗauka dan kar a riƙa gorin 'ya'yansu mata. In haka ne maganar da za ki yi wa irin wannan gidan daban take da wadda za ki yi inda abin yake gado kaka da kakanni, kuma ba za ki san hakan ba sai kin bincika a cikin mutanen da harshensu.

Akwai binciken da nake so sosai, wanda aka yi kan yaran titi na Khartum tsakanin 2000 da 2001, waɗanda ake ce wa shammasa. Masu binciken ba su tsaya da takarda da biro ba, makonni suka yi suna yini da yaran a kasuwa, suka sa su zane da wasan kwaikwayo, sannan suka yi wa ɗaruruwa tambayoyi. A haka aka fahimci cewa yaron da ke yini a titi yana aiki ya koma gida da dare daban yake da wanda titin ne gidansa, aka fahimci yadda shaƙar silisiyon, wato sholisho, ke riƙe su, da irin abin da 'yan mata ke fuskanta. In ka haɗa su duka ka kira su suna ɗaya ka kwashe su a mota ka kai gidan gyaran hali, ka raba na farkon da uwarsa, na biyun kuma sati ɗaya ya haura katanga ya koma.

Maganar khalwa kuwa tana taɓa ni har ƙashi dan 'yan'uwana maza duk sun yi, kuma Alƙur'anin da ke ƙirjinsu can suka samo. A 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da binciken da ɗan jarida ya yi wata 18 yana ɗauka a ɓoye cikin khalwa 23, aka ga yara da mari a ƙafa da bayan da bulala ta farfasa. Khalwa a Sudan sun kusa 30,000, ba za a ce duk haka suke ba, ni shaida ce, amma abin da aka gani ma ba ƙarya ba ne, na taɓa riƙe ƙafar yaro ɗan shekara tara da zoben tabo a idon sawu biyu. Ranar da na je wajen malaminsa ban je da takardar doka a hannu ba, na tafi da wani dattijon unguwa, na durƙusa daga nesa nace Allah gafarta Malam na zo neman shawara ne kan ɗanka. Sai da muka yi zuwa uku kafin ya yarda a kai yaron asibiti a kira ubansa, fayil ɗin kuma ya bi hanyarsa ta hukuma dan ladabi ba ya hana a rubuta gaskiya. Wanda bai san darajar malam a wajenmu ba zai shiga da tsawa a rufe masa ƙofa, wanda kuma darajar ta rufe masa ido zai ga tabon ya kau da kai, duk biyun yaron ne ke kwana a ciki.

Tambayar yaro ita ma ilimi ce mai zaman kanta. Sai babban da ke riƙe da shi ya yarda, shi ma yaron ya yarda da bakinsa, kuma ya san zai iya cewa ya gaji a tsaya. Ba a yi masa alƙawarin ƙarya, tun farko za ki ce abin da ka gaya min sirri ne amma in na ji ana cutar da kai dole in nemo wanda zai taimaka. Abin da ya fi min muhimmanci, kar ki buɗe ciwon da ba ki da maganinsa. Na ga wata tawaga, ba zan faɗi ta ina ba, sun zo matsuguni da kwamfutar hannu suna tambayar 'yan mata abin da ya same su a hanya, tambaya bayan tambaya, suka cike adadinsu suka hau mota, ba likita ba mai lallashi ba lambar da za a kira. Mu aka bari da yarinyar da ta kwana uku ba ta ci abinci ba. UNICEF ta ce an rubuta fyaɗe 221 da aka yi wa yara daga farkon 2024 zuwa lokacin da ta fitar da rahoton a Maris 2025, 16 cikinsu ba su kai shekara 5 ba. Duk wanda ke cikin aikin ya san waɗanda suka iya zuwa suka faɗa ne kawai, kuma kowace lamba a ciki wata ce ta zauna gaban yaro ta saurara, yadda ta saurara ɗin kuwa ko ya zama farkon warkewa ko ya zama ciwo na biyu.

Doka ma sai kin santa. Sudan ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, aka kafa majalisar kula da yara ta ƙasa a 1991, dokar yara ta 2010 tace yaro shi ne wanda bai kai 18 ba kuma ba a tuhumar wanda bai kai 12 ba da laifi, a 2020 aka sa kaciyar mata cikin laifuka da ɗaurin da zai iya kai shekara 3. Amma dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta bar ƙofar aurar da yarinya daga shekara 10 in alƙali ya ba da izini. To ke bahisa kina tsaye tsakanin takardu biyu da ba su jitu ba, uban yarinya kuma ba mugu ba ne, gudun hijira yake da 'ya'ya mata huɗu a aji ɗaya da baƙin maza, tsoro ne ke sa shi neman mai aure. In ba ki kawo masa abin da zai rage tsoron ba, ɗaki mai ƙofa ko makaranta ko ɗan abin sana'a, wa'azinki ba zai wuce kunnensa ba.

Hanyar shiga kuwa ba ta da wani sirri. Ana zuwa ta ilimin zamantakewa ko ilimin halayyar ɗan Adam ko khidma ijtima'iyya kai tsaye, Jami'ar Khartum tana da tsohon sashen zamantakewa, Ahfad ta mata a Omdurman ta daɗe tana fitar da masu wannan aikin, duk da yaƙi ya tarwatsa karatu wasu suna yi ta intanet wasu a garuruwan da jami'o'in suka koma. Bayan digiri yawanci da sa kai ake farawa, ana ba ki ɗan hafiz, wato alawus na mota, ta manhajar banki ta Bankak, daga nan ko ma'aikatar jin daɗin jama'a ko asibiti ko kotun yara ko munazzama. Shawarata ga mai son bincike, ta fara yin shekara biyu uku a fili kafin majistir, wato digiri na biyu, ta koyi lissafin ƙididdiga da gaske kar ta guje shi, ta koyi Turanci dan rahotanni da kuɗin bincike da shi suke zuwa, ta koyi rubuta abin da ta gani daban da abin da take zato. Hausarta kuma ta riƙe ta da kyau, dan na ga 'ya'yanmu da suke ɓoye ta a ofis saboda gorin da aka sha, alhali bayan rikicin jihar Nil Azrak na 2022 da aka kwaso mutanenmu daga Rusairis da Wad al-Mahi, masu jin Hausa ake nema ido rufe ba a samu isassu ba. Ga matsalar takardu, yaro ba shahadar haihuwa, uba ba ragam watani, wato lambar ɗan ƙasa, an ce ya kawo shaidu kan kakansa, wanda ya taso cikin wannan wahalar shi ya san ƙofar da ake bi.

Kuɗi kam ban ɓoye mata ba. Albashin gwamnati ba ya kai rabin wata, na munazzama ya fi amma kwantiragin wata shida ne ko shekara, kuma da Amurka ta dakatar da tallafi farkon 2025 mun ga takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, da yawa sun sauke tukunya, abokan aiki da dama an sallame su da fayil a buɗe. Ga nauyin da ake komawa gida da shi, akwai daren da za ki kwanta fuskar wani yaro ta hana ki barci, shi ya sa dole ki samu babba a aikin da za ki riƙa zama da ita kuna warware lamura, da kuma wadda za ki yi kuka a gabanta ba tare da kin faɗi sunan kowa ba.

Duk wannan na gaya mata, ba a zama ɗaya ba, babanta ma daga baya ya daina sa baki ya koma saurare. Ta dai rubuta zamantakewa a zaɓin farko. Satin da ya wuce na nemi izini na tafi da ita matsuguni, ba wajen fayil ba dan wannan sirri ne, wajen da yara ke wasa da zane kawai. Wani yaro da ya zo daga wajen Sinja wanda tunda aka kawo shi ba ya cewa komai sai eh da a'a da Larabci, ta zauna kusa da shi tana fere fensir tana 'yar waƙar gaɗa ƙasa ƙasa ba ma da shi take ba, sai ya juyo yace mata da Hausa innata ma tana yin wannan. Ta kalle ni, na yi mata alama da ido ta ci gaba kar ta tambaye shi komai. Kafin la'asar ya faɗi sunan unguwarsu da sunan mai shagon da ke kusa da gidansu, na rubuta a bayan hannuna dan kar in ciro takarda ya tsorata, da daddare na tura wa masu neman dangi. Har yau da nake rubutun nan muna jiran amsa daga Sinja.